Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Masu Safiyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawan sana'a da 'yan uwa mambobi, ga bayanin yadda kwamitin gudanarwa ya riƙe amanar da kuka ɗora masa a bana.

Galibin kuɗinmu da lokacinmu sun tafi ne a kan tashar gyaran bayanai da muka kafa a rufin ofishin ƙungiya. A taron bara wasu sun tambaya ko ya dace a narka dukiya haka a kan eriya guda, don haka bari in maimaita dalilin. Taurarin GPS suna nisan kusan kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Kafin saƙonsu ya iso hannunka ya ratso sararin sama ya yi jinkiri, agogon tauraron yana da ɗan kuskurensa, hanyar da yake bi ma takan ɗan kauce wa lissafi. Shi ya sa wayar hannu takan yi kuskuren kusan mita 5 ko da a fili fetal. Mai neman gidan biki ba ruwansa da wannan. Amma a fuloti mai faɗin ƙafa 50, mita 5 sulusin faɗin ne, kuma duk mun ga yadda taku ɗaya yake kai magada gaban alƙali.

Tashar tana kafe a wurin da aka san lambobinsa sarai. Duk abin da taurari suka nuna mata wanda ya saɓa wa waɗannan lambobi kuskure ne, sai ta tura gyaran ta intanet zuwa na'urar yawo da ke hannun mamba a fili, kowace daƙiƙa. Wannan shi ne RTK, kuma idan na'ura ta kama, wato ta tsaya a kan tabbataccen lissafi, kuskuren yakan sauko zuwa santimita 2 ko 3. Kafin mu buɗe tashar mun bar eriya tana ɗaukar bayanai kwana da kwanaki, muka ɗaure lissafin da tashoshin NIGNET, wato tashoshin GPS na dindindin na ƙasa da Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafawa a 2008, irin su ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta Toro. Muka sake gwada sakamakon a CSRS-PPP, tsarin Kanada na lissafa lambobin wuri ta intanet, wanda kyauta ne. Mai cewa me ya hana mu dogara da waɗancan tashoshi kai tsaye, ya tuna cewa kowace kilomita tana ƙara kusan milimita ɗaya na kuskure, kuma da an wuce kilomita 20 zuwa 30 na'ura ta fara wahalar kamawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a bana ya faru ne a wata gona, gab da faɗuwar damina. Wani matashin mamba ya je nemo tsoffin siminti na iyaka. Na'urarsa ta kama, alama ta yi kore, amma inda ta kai shi tsakiyar gonar maƙwabci ne, har rai ya fara ɓaci. Ɗaya daga cikin dattawanmu ya karɓi takardar, ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Ɗana, wannan lissafin Minna ne." Yaron ya bar na'urar a kan WGS 84, ma'aunin duniya da GPS ke aiki da shi, alhali tsoffin takardunmu a kan ma'aunin Minna, tsohon ma'aunin safiyo na Najeriya, aka zana su, kuma tazarar da ke tsakanin biyun gomman mitoci ce. Da aka sauya, aka sa fartanya a gindin wata aduwa, sai ga siminti da lambarsa a jiki. Na'ura ba ta yi laifi ba, gyaran ma daidai ya iso. Tun daga ranar kwamiti ya yanke cewa duk mai amfani da tasharmu sai ya ɗora sandar na'urarsa a kan simintin da aka san lambobinsa kafin ya fara aiki da bayan ya gama, ya rubuta bambancin a littafin fili. Wasu sun ce ɓata lokaci ne. Ban yarda ba, kuma ina roƙon wannan taro ya mai da shi doka.

Mambobi da dama sun yi ƙorafin cewa bayan magariba na'ura takan riƙa lilo ta ƙi kamawa, musamman a Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba. Ba daga tashar ba ne. Ƙasarmu tana yankin da saman iska yake rikicewa bayan faɗuwar rana, abin kuma ya ƙaru saboda rana ta shiga lokacin tsananin harzuƙarta, kamar yadda hukumomin Amurka NASA da NOAA suka sanar a Oktoba 2024. A Mayun shekarar ma guguwar rana ta tsayar da taraktocin manoma da dama a Amurka ana tsakar shuka. Shawara ita ce a yi aikin iyaka da safe.

Inda babu sabis, a ɗauki ɗanyen bayani a dawo ofis a haɗa da na tashar, mun koyar da hakan a bitar da muka yi bayan sallah. Mun kuma fara gwada gyaran da taurarin Galileo na Turai suke watsawa kyauta tun 24 ga Janairu 2023, wanda aka tsara don kaiwa santimita 20. Ya isa taswirar gonakin noman rani, bai isa kafa siminti ba. Haka ma gyaran SBAS, wato wanda ake watsowa ta tauraro don faffaɗan yanki, da aka gwada ta tauraron NigComSat-1R tare da ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta wasu ƙasashen Afirka: don jiragen sama aka yi shi, kada wani ya auna fuloti da shi.

Tashar ta tsaya mana a hunturu lokacin da ƙura ta rufe farantan sola batura suka yi sanyi. Yanzu akwai mai goge su duk mako, amma batura na buƙatar canji, kuma ma'aji zai kawo kiyasin a rahotonsa. Muna kuma neman mamba mai gini mai ƙarfi a wajen gari da zai karɓi tasha ta biyu. Mai hali ya ga sakatare kafin a tashi taro.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa