Firgicin Bayan Masifa Ya Fi Kama Mata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankali kan ciwon firgicin da ke addabar waɗanda suka tsira daga harin 'yan bindiga a yankunan Batsari da Jibiya. Binciken likitoci ya nuna cewa ciwon yana kama mata kusan ninki biyu na maza, musamman waɗanda aka yi wa fyaɗe, amma kunya takan hana su faɗa, har dangi su ɗauka iskoki ne. Namiji kuwa, da yake an tarbiyyantar da shi kada ya yi kuka, nasa yakan ɓulla ta hanyar fushi ko shaye-shaye. Ina roƙon gwamnatin jiha ta horar da ma'aikatan lafiya mata, domin da wuya mace ta bayyana wa namiji wannan damuwa.

Naka,
Wani mai karatu daga Katsina