Kafin a yi wa kwamfuta fomatin, a karanta abin da ta rubuta

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu gyaran kwamfuta a garin Bauchi.

Wata ɗabi'a ta yi mana katutu. Da an kawo kwamfuta tana mutuwa da kanta ko tana tsayawa cik, sai ka ji "sai dai a yi fomatin". A goge komai, a sake ɗora Windows, a karɓi kuɗi. Bayan mako guda mai ita ya dawo rai a ɓace, ciwon yana nan.

Alhali kwamfuta tana rubuta abin da ya same ta, har da rana da lokaci. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta eventvwr don buɗe kundin da take rubuta waɗannan bayanai, ka shiga sashen System da ke ƙarƙashin Windows Logs. Kada yawan jajayen alamomi ya firgita ka, lafiyayyar kwamfuta ma ba ta rasa su. Ka tambayi mai ita ƙarfe nawa ta mutu, ka duba abin da aka rubuta 'yan mintuna kafin nan.

Kwanakin baya wata ɗaliba ta kawo min laftof daga Yelwa, aikinta na kammala karatu yana ciki, an riga an yanke mata hukuncin fomatin. Ina buɗe kundin, inda kowane bayani ke da lambarsa, sai ga lamba 7 daga disk, wato faifan ajiya, ta yi jerin gwano. Ma'anarta wani sashe na faifan ajiya ya lalace. Ko sau goma aka ɗora masa sabuwar Windows ba zai warke ba. Muka lallaɓa muka kwashe aikinta tukuna, sannan aka sauya faifai.

Lamba 41 ta Kernel-Power, wato ɓangaren Windows mai kula da wuta, kuwa, wadda yaran shago ke ɗaga murya idan sun gan ta, cewa kawai take yi kwamfuta ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba. Ba ta faɗin dalili. A nan wajenmu sai ka fara zargin ɗaukewar wuta da mataccen batiri, ko ƙurar hunturu da ta toshe fanka har zafin bazara ya zo ya same ta.

Ina roƙon cibiyoyin da ke koya wa matasa gyaran kwamfuta su sa wannan cikin darasi. Masu kwamfuta kuma, duk wanda ya ce muku fomatin, ku ce ya nuna muku lambar da ya gani, ku ɗauke ta hoto da waya kafin a goge.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta, Wunti, Bauchi