Ka sauke wasu kayan kafin jarrabawa

Assalamu alaikum, ɗana. Da fatan kana lafiya, kuma sanyin Samaru bai takura maka ba. Mu nan Funtuwa lafiya lau, mahaifiyarka tana gaishe ka.

Yayarka ce ta kwance mana jakar. Ashe ban da karatun injiniya da muka tura ka Jami'ar Ahmadu Bello ka yi, kai ne wakilin aji, kai ne ma'ajin ƙungiyar ɗaliban garinmu, ga teburin POS da kuka haɗa kai da abokinka, ga kuma yaran da kake yi wa lesin da yamma. To yaushe kake barci? Taura biyu ma ba ta taunuwa, kai ka cusa huɗu.

Na san ba kwaɗayi ba ne. Kunya ce ta yi maka yawa, ba ka iya cewa a'a, halin gidanku na uwa, kada ka gaya mata na faɗa. Amma jami'a ba ta ba da maki don kirki. In makinka ya faɗi ƙasa da 3.50, ka fita daga sahun masu digiri mai daraja ta biyu ta sama ke nan, kuma komawa da wuya, ga watanni 6 na SIWES, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata, suna jiranka a aji huɗu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ma'ajin nan. Kuɗin jama'a da kuɗin POS a hannun mutum ɗaya, mai gajiya, wata rana sai sun cakuɗe ko da bai yi niyyar cin ƙwandala ba, kuma ranar lissafi ba wanda zai tuna da wahalarka. Abu Zarri, da duk tsoron Allahnsa, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi muƙami, aka ce masa shi mai rauni ne, abin kuma amana ne. Imam Muslim ya ruwaito. Ba wanda ya ce darajarsa ta ragu don haka.

Saboda haka ka miƙa littafin kuɗin a gaban shugabannin ƙungiya, a ƙirga komai, a sa hannu. POS ɗin ka bar wa abokinka har hutu. Wakilcin aji da lesin, kai ka san wanda ya fi sauƙi, ka riƙe ɗaya.

In kuɗin abinci ne matsalar, ka kira ni kai tsaye, ba sai ta bakin yayarka ba. Ranar Litinin zan ba direba garin rogo da ƙuli-ƙuli, ka jira shi a Kwangila.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka