Kyanwa cikin tukunya da ɗakunan kwamfutar da muke kullewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in faɗi albarkacin bakina a kan wasannin kwamfuta, waɗanda iyaye da malamai 'yan'uwana suka saba yi wa kuɗin goro su kira su shashanci. Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a cikin garin Bauchi, kuma har zuwa daminar bana ina cikin masu wannan ra'ayi.

Wata ranar Asabar na shiga wani shagon buga takardu a Yelwa domin a buga mini tambayoyin gwaji, sai na tarar da ɗalibaina uku sun yi cincirindo a gaban wata tsohuwar kwamfuta. Na matso da niyyar yi musu faɗa, amma abin da na gani ya sa na dakata. Wata kyanwa ce zaune cikin tukunya, riƙe da guduma mai doguwar ƙota, ana so ta haye tulin duwatsu da tarkace, alhali ba ta da ƙafar takawa, sai dai ta maƙala gudumar a wani tudu ta jawo kanta, ko ta dogara ta a ƙasa ta cilla kanta sama. Da linzamin kwamfuta kaɗai ake sarrafa gudumar. Ba su sauke komai ba, ba su kuma biya kuɗin wasan ba, wani shafin koyon shirya manhaja mai suna Scratch kawai suka buɗe a burauza.

Daga baya na fahimci cewa kwaikwayo ne na wani wasa mai suna Getting Over It, wanda Bennett Foddy, ɗan asalin Ostireliya, ya fitar a 2017, inda wani mutum ne ke cikin tukunyar a maimakon kyanwa. Shi ne kuma ya yi QWOP a 2008, wasan tseren mita 100 da ake yi a burauza, wanda ake motsa cinyoyin ɗan tsere da madannai biyu, ƙwaurinsa da wasu biyu, har mutum ya wuni bai yi taku goma ba tare da ya kifa ba. Irin waɗannan wasanni ba manyan kamfanoni ke yin su ba, mutum ɗaya ne ko 'yan ƙalilan masu zaman kansu, shi ya sa suke da 'yancin yin abin da kamfani ba zai yarda da shi ba, wato wahalar da mai wasa da gangan. A wasan tukunyar babu wurin da ake ajiye wa mutum nasararsa. Zamewa ɗaya tana iya mayar da shi gindin dutsen bayan ya shafe awa guda yana fama.

Yaran suka ba ni kujera, ni kuma don kada in ji kunya na karɓa. Na yi minti ashirin ban wuce bishiyar farko ba, suna ta danne dariya saboda ladabi. Can sai ɗaya daga cikinsu, yaron da ban taɓa ganin ya ɗaga hannu a aji ba, ya ce: "Malam, idan kana so ka tashi sama, ƙasa za ka tura, kuma ka kama ta da ƙarshen gudumar." Na juyo na dube shi, domin abin da ya faɗa shi ne ka'ida ta uku ta Newton, wadda aka wallafa tun 1687, wadda kuma na rubuta masa a allo fiye da sau goma yana haddacewa yana mantawa: duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Ya kuma haɗa da ka'idar dogon hannu, wato tsawon ƙota yana sa a ɗaga nauyi da ƙaramin ƙarfi, wadda kowane mai tura baro a kasuwar Wunti ya sani a jikinsa ko da bai san sunanta ba.

Dalilin haka shi ne motsin da ke cikin wasan ba zane ba ne da aka shirya tun da farko. Sau da dama cikin kowace daƙiƙa kwamfutar tana lissafa nauyin tukunyar, da yadda ƙasa ke jawo ta, da santsi ko kaushin wurin da gudumar ta sauka, da saurin da aka taho da shi, sannan ta nuna sakamakon. Wanda ya faɗi, lissafinsa ne ya kuskure, kamar yadda ɗan langa yake faɗuwa idan nauyinsa ya kauce daga kan ƙafar da yake tsaye a kai. A makarantar da ba ta da isassun kayan gwaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne Scratch ɗin kansa, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin koya wa yara shirya manhaja. Kowane wasa da ke shafin yana da madannin da ke buɗe cikinsa, a ga umarnin da aka jera kamar tubali. Mun buɗe wani ƙaramin wasan tsalle, muka rage lambar da ke wakiltar jan ƙasa, sai ga ɗan wasan yana shawagi kamar ɗan sama jannati a duniyar wata. Darasin da nake kwashe mako biyu ina bayani ya shiga kansu kafin a kira sallar la'asar.

Ban ce babu aibi ba. Yaro yana iya shagala har sallah ta wuce shi, akwai wasannin da ke cike da zubar da jini, kuma shafuka da yawa suna ɗauke da tallan caca da hotunan da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Wannan ne ma ya sa nake ganin gara a yi abin a makaranta, a gaban malami, a kan shafukan da aka tantance, da a bar yara su yi shi a ɓoye.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu da masu kula da ilimi a jiharmu. Na san makarantun da ke da ɗakin kwamfuta wanda ba a buɗewa sai jarrabawar JAMB ta ƙarato, alhali tun 2015 aka mayar da ita kacokan a kan kwamfuta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A ware awa biyu a mako, a ba malamin fiziks da na kwamfuta mabuɗi tare, a tanadi man janareta ko hasken sola na wannan ɗan lokaci. Inda babu intanet, akwai Scratch da ake saukewa sau ɗaya a yi ta aiki da shi. Ni dai na riga na miƙa wa shugaban makarantarmu takardar neman izinin yammacin kowace Laraba, ina jiran amsa.

Wassalam.

Naka,
Malamin fiziks,
Yelwa, Bauchi.