Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Masu Buƙata Ta Musamman Ta Ƙasa, Mai Girma Ayuba Gufwan

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne daga wata rumfar walda a birnin Kano, inda na daɗe ina lanƙwasa bututun ƙarfe ina haɗa kekunan guragu masu tuƙin hannu. Shan inna ta kama ni tun ban isa shiga makarantar allo ba. Na zaɓi in yi magana da kai ne domin kai ma ta taɓa ka tun kana yaro, ka jure har ka karanci shari'a a Jami'ar Jos, ka kuma shafe shekaru kana ƙera wa guragu kekuna a can kafin Shugaba Tinubu ya ɗora ka a kan wannan kujera a 2024. Saboda haka ba sai na faɗa maka yadda kwalta take ƙona tafin hannu da tsakar rana ba.

Akwai wata yarinya, 'yar maƙwabcina, wadda na haɗa wa keke tun tana shekara tara. Da wannan keken ta yi firamare da sakandare, na sauya mata taya da sarƙa ba adadi, har Allah ya sa ta kammala kwalejin ilimi da takardar NCE a fannin lissafi. Burinta bai wuce ta tsaya, ko in ce ta zauna, a gaban allo tana koyar da yara ba. A bara aka kira ta ganawar ɗaukar aiki a wani ofishin gwamnati, sai muka tarar ɗakin yana hawa na biyu. Ta ajiye keken a gindin matattakala, ta zura silifas a hannuwanta, ta sa takardunta cikin leda ta kama da haƙori, ta hau da rarrafe. Ta isa sama hijabinta duk ƙura, tana haki, kuma tun ba ta buɗe baki ba wani ma'aikaci ya zaro naira 200 ya miƙa mata, domin ya ɗauka bara ta zo yi. Ba mugunta ya yi nufi ba, na tabbata. Amma tun daga ranar, duk lokacin da na kawo mata labarin wani gurbin aiki, tambayarta ta farko ita ce ko ofishin bene ne.

Abin da ya fi ci mini rai, ranka ya daɗe, shi ne doka ta riga ta hana wannan. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ita ce ta haifi hukumar da kake shugabanta. Dokar ta bai wa gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyinsu ta yadda gurgu da makaho za su iya shiga da kansu, kuma wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikata. Ta ba mu ilimi kyauta har ƙarshen sakandare. Ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ga aƙalla kaso 5 cikin 100 na ma'aikatansu daga cikinmu suke. Wannan lafazi na “iya ƙoƙari” shi ne kafar da masu ɗaukar aiki suke sulalewa ta ciki, domin kowa yana iya rantsuwa cewa ya yi ƙoƙari matuƙar ba wanda zai ƙirga.

Don haka roƙona na farko shi ne ka ƙirga. Hukumarka ta nemi kowace ma'aikatar tarayya ta bayyana yawan ma'aikatanta da yawan masu buƙata ta musamman da ke cikinsu, a wallafa a jaridu, a karanta a rediyo da Hausa da sauran harsuna, kowace shekara. Babban sakataren da ya ji sunan ma'aikatarsa a rediyo da sifili a gabansa ba zai so a sake karantawa baɗi ba. Haka ma gine-gine. A fara da asibitoci da makarantu da kotuna, a duba ko an yi gangaren hawa, kuma a duba da idon wanda yake kan keke, domin na ga gangaren da aka yi don cika sharaɗi kawai, mai tsayuwa kamar katanga, wanda ko ƙato biyu suna tura ka sai ka yi addu'a.

Na san za a ce kuɗi ne babu. To amma duk shekara muna ganin taron rabon kekuna da buhunan shinkafa, a jera mu a rana, a ɗauki hoto, a watse. Ni da nake cin abinci da ƙera keke ba zan raina kyautarsa ba, sai dai keke abin zuwa wani wuri ne, kuma idan makaranta da ofis da banki duk matattakala ce a bakinsu, inda zai kai mai shi bai wuce bakin danja da ƙofar masallaci ba. Daga nan sai a dawo ana cewa mun fi son bara. A wasannin Olympics da Paralympics na birnin Faris a 2024 'yan wasan Najeriya masu cikakkiyar lafiya ko lambar tagulla ba su kawo ba, amma masu buƙata ta musamman suka dawo da lambobi bakwai, biyu daga ciki na zinare. Waɗannan an ba su fili ne da mai horarwa, suka yi sauran da kansu. Haka kuma tun daga 2017 da hukumar JAMB ta ware wa makafi tsarin jarrabawa na musamman, ɗalibai makafi suna ta shiga jami'o'i, abin da iyayensu da yawa ba su taɓa kawowa a rai ba.

Sannan ina roƙonka kada aikin ya tsaya a Abuja. Mafi yawan mutanenmu a ƙauyuka suke, inda uba kan ga kai ɗansa kurma makaranta asarar kuɗin mota ce. Ka zauna da gwamnoni da sarakuna, ka nemi sarakunan makafi da na guragu, domin su ne suka san gidan da aka ɓoye yaro a ɗaki saboda kunya. Makarantu irin ta Tudun Maliki da ke nan Kano da ta makafi ta Gindiri a jihar Filato suna buƙatar injin rubutun makafi da malaman maganar hannu fiye da yadda suke buƙatar ziyarar manya.

Yarinyar nan har yanzu tana koyar da yaran unguwa lissafi a zauren gidansu bayan la'asar, kuma takardunta suna nan cikin ledar. Na yi mata alkawarin zan rubuto maka, ita kuma ta yi mini alkawarin za ta sake neman aikin idan aka buɗe ɗauka. Ina roƙon kafin lokacin, umarni ya fito daga ofishinka cewa duk ganawar da mai keke zai halarta a yi ta a ƙasa.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Naka,
Wani mai ƙera kekunan guragu, Kano.