Kunyar Ɗan Fari Ba Ta Hana Uwa Rungumar Ɗanta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai yake samun shiga shafukan jarida ba, wato ƙaunar da uwa take yi wa ɗanta a shekarun yaye, da kuma yadda tarbiyyarmu ta koya mana danne ta a zuci.

Ni uwa ce, kuma ɗana na fari ya cika shekara biyu da wata uku. Ba zan rubuta sunansa ba, domin ko a gida ban taɓa kiransa da shi ba, kamar yadda mahaifiyata ba ta taɓa ambaton sunan yayanmu ba har yau da ya tara iyali. Na taso na tarar da wannan alkunya, ina ganin kyawunta, kuma ba ni da niyyar watsar da ita. Amma ranar da yaron nan ya saki bango ya yi taku huɗu zuwa inda nake zaune ina tsince shinkafa, surukata da baƙinta suna tsakar gida, sai na sunkuyar da kai kamar ban gani ba, alhali zuciyata tana neman fashewa don murna. Ya iso ya dafa gwiwata yana kallon fuskata, yana jiran in ce wani abu, ban ce komai ba. Wannan kallo nasa ya daɗe yana damuna, shi ne kuma dalilin wannan wasiƙa.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, mun haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai kunya a gaban surukai da manya, wadda ladabi ce, akwai kuma tauye wa yaro fara'ar uwarsa ko da daga ita sai shi a ɗaki, wanda ba na jin magabatanmu sun nufa. A da, idan uwa ta kawar da kai daga ɗan fari, akwai kaka da gwaggo da inna da matan gida da za su ɗauke shi, su yi masa wasa da kirari, su goya shi, kuma idan lokacin yaye ya yi a kai shi wurin kaka ya sha gata. Yau da yawa daga cikinmu muna zaune ne a gidan haya, ɗaki biyu da tsakar gida, nesa da dangi, miji ya fita tun safe. Idan uwar da ke cikin wannan hali ta riƙe kunyar nan yadda take a da, wa ya rage ya yi wa yaron dariya?

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba a kan wannan. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika ta, wato shekara biyu yaro yana manne da ƙirjin uwarsa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, sai shi Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don kada hankalin uwar ya tashi. Wanda ya fi kowa kunya ke nan, amma kunyarsa ba ta sa ya ɓoye tausayin yara ba.

Dalili na biyu da ke rufe bakin iyaye mata shi ne tsoron kambun baka. Uwa tana ganin ɗanta ya yi ƙiba, ya fara haɗa kalmomi, amma ko a gaban 'yar uwarta ba za ta yaba ba. Tsoron yana da tushe, sai dai an koya mana maganinsa: a ce tubarkalla masha Allah, a yi wa yaro addu'ar tsari safe da yamma. Ni yanzu haka nake yi, in yi addu'a, sannan in yaba masa a kunnensa.

Kuma ina ganin uwa ta cancanci ta yi alfahari, domin rainon ɗan shekara biyu aiki ne da ba ya da ranar hutu. Ni na san daren da na kwana zaune da shi a kafaɗa yana fama da zazzaɓi, na san layin da na bi a asibiti don allurar ƙyanda yana wata tara, na sake komawa yana wata goma sha biyar, na kuma san dabarar da nake yi kafin ya haɗiye maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida duk wata a lokacin damina. Na soya gero da waken suya da gyaɗa na kai niƙa don kununsa, na koyi zuba garin zogale a miyarsa ba tare da ya gane ba. Idan na ɗora shi a sikeli ma'aikaciyar lafiya ta ce nauyinsa ya yi daidai, daɗin da nake ji ya fi na ranar da na karɓi takardar kammala makaranta. Ma'aikatan lafiya suna yawan jaddada muhimmancin kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kuma kusan duk nauyin waɗannan kwanaki a wuyan uwa yake.

Akwai abu guda da nake son in ja hankalin 'yan uwana mata a kansa. Gurbin da kaka da gwaggo suka bari, waya ce take neman cike shi. Yaro ya yi rigima, a miƙa masa waya ya yi shiru, uwa ta samu ta gama girki. Na san gajiyar da ke sa a yi hakan, ba kuma na zargin kowa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce bai dace a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. Yaro daga bakin mutum yake koyon magana, ya yi gwarancinsa a amsa masa, ya nuna akuya a ce masa akuya ce, ya maimaita a gyara masa. Ɗana yanzu idan ya ji kiran salla sai ya ɗauko ɗankwalina ya shimfiɗa ya kifa kansa a kai, idan mahaifinsa ya yi sallama ya riga kowa amsawa da rabin kalma. Ba waya ce ta koya masa waɗannan ba.

Ga iyayenmu da surukanmu, ina roƙo cikin ladabi da ku daina yi wa yarinya gorin rashin kunya don kawai an gan ta tana wasa da ɗanta na fari. Ga mazajenmu kuma, kalmar sannu da ɗaukar yaro na ɗan lokaci bayan an dawo daga aiki suna rage wa mace gajiyar yini guda. Kai kuwa Malam Edita, da za ka ware ko da rabin shafi a mako don rainon ƙananan yara, inda likitoci da malamai da iyaye mata za su riƙa amsa tambayoyi a kan yaye da abinci da fitar haƙora, da mata da yawa irina sun amfana.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Wata uwa,
daga Funtuwa, Jihar Katsina.