A riƙa nuna girkin ƙasashe dalla-dalla a talabijin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili kan shirye-shiryen girki da na tafiye-tafiye da ake nunawa a talabijin. Suna kusanta jama'a ƙwarai. Matar Maraɗi da ta ga ana turara kuskus a Maroko, nan take za ta gane ɗan'uwan dambu ne, alkama ce kawai ta maye gurbin gero, sai ƙyamar abincin baƙi ta ragu.

Damuwarmu ita ce masu shirin suna tsallake wurin da girki yake lalacewa. Kuskus sau 2 ko 3 ake turara shi, a sauke, a yayyafa ruwa kaɗan, a murje da hannu. Ruwan ya yi yawa, ya cure. Acaken Kodebuwa kuwa, wato abincin rogo mai kama da kuskus, sai an fere rogon, an niƙa, an bar shi ya yi tsami, an matse sosai kafin turarawa, domin hakan ke fitar da dafin rogo mai ɗaci. Ɓoye wannan mataki haɗari ne ga iyali.

A faɗi awo da tiya da gwangwani, a nuna girkin a kan gawayi. Kuma a zo a ɗauki suyar ƙuli-ƙulinmu da kifin Madarunfa, mutanen waɗancan ƙasashe su ma su gani.

Daga masu sana'ar abinci,
Maraɗi